Takardar da Gefenta Ya Ƙone

Zuwa ga Baban Maryama,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ka, ina roƙon Allah Ya sanyaya makwancinka. Na san ba za ka karanta wannan ba, babu motar da ke kai saƙo inda kake. Amma shekara goma sha bakwai ina riƙe da wata magana, yanzu ta fi ƙarfina.

Bari in fara da labarin gida. Mun tashi daga Mardjandafak, mun koma Atrone, ɗaki biyu da rumfa. Ƙanenka Sale ke zaman shagon atamfa. Gwaggona Ladi ta rasu bayan ƙaramar salla. Maryama kuwa ta shiga jami'a, kuma karatunka ta ɗauka.

Shekaranjiya ina tsince shinkafa a rumfa, tana gefena a kan tabarma tana zane. Na leƙa. Gida-gida ne a jere, kowanne da sifili ko ɗaya a ciki, ga layuka suna shiga wasu akwatuna suna fita. Irin naka sak. Na tambaye ta mene ne wannan. Ta yi dariya, ta ce tsarin ƙwaƙwalwar ordinater ne, wato kwamfuta, a takarda ake fara zana ta kafin a ƙera, kuma wannan shafin duk aikinsa ya nuna wa na'ura yadda za ta haɗa lamba biyu. Haɗa lamba biyu, Malam! Abin da nake yi da yatsuna.

Ka tuna kwalin sabulun da kake tara takardunka? Aikin shekara guda ne, wanda da shi za ka gama jami'a. Na'urorin jami'a kaɗan ne, wuta ba ta zama, komai da hannu kake zanawa. Kana zaune kana motsa baki, ɗaya, sifili, ɗaya. Lokacin Maryama tana da shekara biyu, zazzaɓi ya ƙi sakinta, ta rame har awarwaronta na zamewa. Gwaggo Ladi ta zo dubiya, ta ga takardun. Ta ja ni bayan ɗaki ta ce hatimi ne, irin na neman duniya wanda ake biya da ɗan fari, shi ya sa babu bisimilla a kansa. Ni aji uku na yi na tsaya. Hatimi na sani, ban san wani zane mai gida-gida ba.

Me ya hana ni tambayarka? Kalma ɗaya ce fa.

Ranar da ka taka da ƙafa har Bololo neman maganinta, na hura ganun, murhunmu na gawayi, na riƙa sa takardun cikin garwashi ɗai-ɗai. Na ɗora tukunyar kunu a kai don kada maƙwabta su yi tambaya. Da ka dawo na ce maka gara ce ta cinye kwalin, na zubar a bola. Ka tsaya ka dube ni. Sai ka tambaya ko yarinya ta sha wani abu.

Bayan kwana uku zazzaɓin ya sauka. Na yi sadakar waina. Maganin da ka kawo ne ya yi aiki, amma ni a zuciyata na ce na ƙwace 'yata daga hannunka. Wannan ya fi ƙona takardun ba ni kunya. Na zauna da kai, na haifa maka wasu biyu, ina zargin ka taɓa sa 'yarka a ciniki. Kai da kake goya ta a kafaɗa kana zagaya tsakar gida har ta yi barci.

Saura mako shida ka tsaya gaban malamanka. Ka yi ƙoƙarin sake zanawa, lokaci bai kai ba. Kafin wata shekarar Alhaji babanka ya kwanta ciwo, ka koma shago kana auna yadi. 'Yan kasuwa suka laƙaba maka injiniyan atamfa. Wata rana har da ni a dariyar, ka tuna?

Jiya Maryama ta buɗe akwatinka na ƙarfe tana neman ƙamus ɗinka na Faransanci. A tsakiyar ƙamus ɗin ta sami rabin takarda a ninke, gefenta ya ƙone. Ta shimfiɗa ta kusa da tata, ta daɗe tana bin layukan da yatsa. Ta ce wanda ya zana wannan ya san aikinsa, ita ma ba ta kai nan ba tukuna. Sannan ta tambaye ni yadda aka yi ta ƙone, alhali na sha gaya mata gara ce ta ci. Na ce tukunyata tana kamawa, na tashi.

Ashe ka sani. Ashe cikin toka ka tsinto ta. Shekara goma sha ɗaya ka ci tuwon hannuna bayan nan, ko sau ɗaya ba ka ɗaga zancen ba. Yafe mini ka yi, ko jira kake in faɗa da bakina? Ko a asibiti, da kake riƙe da hannuna, na buɗe baki na rufe.

Akwai abin da ya fi wannan. Maryama ta tashi tana ganin kai ne ka gaji da karatu ka bari. Ta taɓa cewa ita ba za ta tsaya a rabi kamar babanta ba. Ina ji, ban gyara mata ba. Na ƙona aikinka, kuma na bar ta tana ɗora maka laifin.

Da la'asar za ta dawo. In na ce zan faɗa da baki, na san kaina, zan sake tashi duba tukunya. Don haka zan ninke wannan wasiƙa in sa cikin ƙamus ɗin, a jikin takardarka. Ina tsoron idon da za ta dube ni da shi. Amma gwamma ta dube ni da shi, da ta ci gaba da duban ka da wancan.

Ka huta lafiya, Malam. Allah Ya jiƙanka, Ya sa ka yafe mini tun kana raye.

Ni ce wadda ta hura wutar,
matarka, Hajara.