Karnukan Choggu da Mai Maganin Ɓera

Choggu, Tamale,
Afrilu 1983.

Zuwa ga Maman Sanatu,

Gaisuwa mai yawa da fatan kin sauka Salaga lafiya. Yaya jikin Inna, yaya Sanatu da tarinta? Ni dai ina nan, masarar agaji ta mayar da ni siriri, wandona ya soma neman wani maigidan.

Labari ba daɗi. Karnukan makiyayan bayan unguwa suna ta mutuwa. Kare ya ƙi abinci, ya yi amai, sai zawo da jini mai warin da ke korar mutum daga inuwa. 'Yan kwikwiyo sun fi faɗuwa. Kin san ba mai taɓa mushen kare da hannu, sai a ɗaura igiya a ƙafa a ja shi ta lungu-lungu har bola.

Tahidu mai shanu ya ce guba ce, wai ana share wa ɓarayi hanya. To wa ke sayar da maganin ɓera a kasuwa in ba ƙanenki Nashiru ba? Na ce masa ya rufe tebur ya biyo ki. Ya yi dariya, wai ai ciniki ma babu, bana ɓera gasa shi ake yi. Ni ma na yi dariyar, da yake wauta ba ta taɓa wuce ni ba.

Ki gaida Inna. Mijinki,
Ganiyu.

Maman Sanatu,

Bayan gaisuwa da tambayar lafiyarku, ki yi haƙuri da rubutun. Dama can ba kyau, yanzu kuma da hagu nake yi.

An sace wa Tahidu shanu ran Talata. Bayan la'asar shi da 'yan'uwansa makiyaya suka zo kasuwa da sanduna da gora. Suka farfasa teburin Nashiru, suka fasa masa kai, suka ɗaura masa igiya a ƙafa suka ja shi a kan tsakuwa har bakin kwata, rigarsa ta zama jini. Wani ya danne masa wuya, Tahidu ya yage ƙullin maganin zai ɗura masa a baki. Ban san lokacin da na faɗa kan Nashiru na rufe shi ba. Mijinki da ke gudun zakara! Duk sandar da aka ɗaga a kaina ta sauka. Haƙorana na gaba suna can kasuwa, in kin zo ki duba. Matan da ke sayar da koko ne suka watsa musu ruwan zafi, sannan suka watse.

Muna asibiti. Nashiru bai farka ba. Kada ki gaya wa Inna tukuna.

Naki,
Ganiyu.

Maman Sanatu,

Ina gaishe ku, Allah ya sa kuna lafiya. Nashiru ya farka, ya sha ruwa, ya tambaye ki. Idon hagu ya tafi, likita ya ce ba dawowa.

Malamin dabbobi ya zagaya unguwa. Ya ce ba guba ba ce, ƙwayar cuta ce sabuwa, wai fabo, mai cin hanjin kare. A kashin kare take, tana bin ƙasa, tana bin takalmi. Duk mushen da muka ja ta lungu, cutar muka raba gida-gida. Ya ce a haƙa rami a binne. Ana cikin haka ma karnukan unguwar Sagnarigu suka soma mutuwa, inda Nashiru bai taɓa kai tebur ba.

Jiya Tahidu ya aiko da ƙwaryar nono, bai zo da kansa ba. Nashiru ya juya fuska bango. Ni na shanye, tunda ba ni da abin tauna.

Yanzu ki gaya wa Inna, amma ki fara da cewa yana da rai. Ki hau motar farko. Ki bar Sanatu a can, ban so ta ga kawunta haka.

Mijinki mai giɓi,
Ganiyu.