Katin Waƙoƙin Baban Auta

Litinin, 3 ga Maris

Katin waƙoƙin Baban Auta ya daina aiki. Ina tsakiyar gugar zanen gado a ɗakin wanki na otal, sai kunnena ya yi tsit. Na ciro shi daga waya, na hura, na mayar. Shiru. Waƙa talatin ce ta Tsoho Mai Jita a ciki, amma ba su ne damuwata ba. Ta sha tara ce. Wannan maigidana, Baban Auta, shi ya ɗauka da kansa bisa kuskure, rediyo na yi yana bin Tsoho, ya yi tari, ya ce min in rage gishiri. Shekara biyu da rasuwarsa. Muryarsa ba ta ko'ina sai nan.

Talata, 4 ga Maris

Ashe da waƙa hannuna ke lissafi. Kowace waƙar Tsoho zanen gado huɗu ce. Yau babu, na rikice, har na ƙona rigar filo. Abokiyar aikina, wadda muke kira Rediyo don bakinta ba ya hutawa, ta ce, "Yaya, ashe kina da kunne? Shekara biyu ban gan shi babu abin ji a ciki ba." Ban yi dariya ba. Da na yi.

Alhamis, 6 ga Maris

Na kai wa mai gyaran waya na bakin tasha. Ya ɗaga katin ya duba ta ƙasan tabarau. "Mama, ki ba ni mako biyu, amma ban yi alkawari ba. Kafin nan in zuba miki wasu a waya. Wa kike ji?" Na ce Tsoho. Ya ce, "Wannan na maigida ne, ke kika faɗa. Ke fa?"

Na tsaya ina kallonsa kamar wadda ta manta hanyar gidansu. Na ce ina sauri.

Asabar, 8 ga Maris

Ba wanda ya kira. Na wanke labulen da ba su yi datti ba.

Lahadi, 9 ga Maris

Auta ta bugo daga gidan mijinta. Na ba ta labarin tambayar mai gyara, ina jira ta taya ni jin haushi. Sai ta ce, "Umma, ba Sauro kike rera mana ba in kina mana wanka?"

Sauro. Na ma manta sunanta na gaskiya. Mawaƙiya ce mai siririyar murya, ina budurwa na haddace waƙoƙinta kaf. Baban Auta ne ya laƙaba mata sunan, wai tana masa kuka a kunne. Bai taɓa hana ni jin ta ba, Allah ya jiƙansa, tsokana ce kawai. Ni ce na riƙa canza tasha in na ji tafiyarsa, har na daina komawa.

Bari in rubuta tunda ba mai gani: Tsoho barci yake sa ni. Shekara ashirin da shida ina gyaɗa masa kai. Na rubuta, kuma ji nake kamar na ci amanar mutum.

Laraba, 12 ga Maris

Na rera wa mai gyara baiti ɗaya ya gane ta, ya zuba min Sauro a waya. Na gama guga tun kafin la'asar, na rasa abin yi da hannuna. Matar nan ba ta san a hankali ba.

Juma'a, 14 ga Maris

Wai ina rerawa da ƙarfi ban sani ba. Rediyo ta ajiye kwando ta kama min amshi, da muryarta kamar ƙofar da ba a sa wa mai ba. Mamarta ma tana son Sauro, in ji ta. Na ji kunya. Na kuma ji wani abu da ba kunya ba.

Da na dawo ɗaki shirun ya fi na kullum nauyi.

Alhamis, 20 ga Maris

Katin ya tashi, duka talatin. A bakin shagon na saurari ta sha tara, a tsaye, motoci na wucewa. Tarin, gishirin, komai yana nan. Na yi kuka. Mai gyara ya juya yana neman abin da bai ɓata ba. Ina kewar Baban Auta, wallahi ina kewarsa. Shi, ba Tsoho ba.

Talata, 25 ga Maris

Yanzu kunne ɗaya na abin ji nake sawa, Rediyo ta ƙwace ɗayan, dole teburinmu ya matso kusa. Ta ce in zo gidansu ran Lahadi in gai da mamarta. Na ce zan duba. Na dai goge shuɗin mayafina, don ya yamutse ne kawai.

Katin yana cikin gwangwanin allura, na naɗe shi a takarda kada ya sake lalacewa. Gobe zan mayar da shi waya.

Jiya ma haka na ce.