An Kama Wanda Ya Cuci Inna

Assalamu alaikum Yaya Binta,

Ina fatan kina lafiya. Ya jikin maigidan, ya yara, ya kuma ruwan Fatakwal? Mu nan Samaru lafiya, sai dai hawan jinin Inna ya tashi, ga kuma dalili.

Sanarwar rasuwar Baba da muka sa a intanet, mai lambar wayar Inna, ita wani ya bi. Ya kira ta wai shi ma'aikacin banki ne, ya faɗi cikakken sunan Baba, ya yi mata ta'aziyya har ta yi kuka. Sannan ya nemi lambobin katinta, wai za a biya ta haƙƙin marigayi. Kafin la'asar an kwashe komai.

'Yan sanda sun kama shi a Sabon Gari. Yaya, Nura ne, ɗalibin da ya yi haya a gidanmu, wanda Inna take zuba wa tuwo kullum!

Jiya mahaifiyarsa ta zo ta durƙusa tana roƙo. Inna ta fara cewa, "A bar shi da Allah." Na ce, "Wallahi Inna, sai ya ɗanɗana gidan yari." Ranar Litinin za a shiga kotu, kuma a gaba zan zauna, in kalli idonsa.

Ki gaishe da yara. Ki yi wa Inna addu'ar samun sauƙi, ni kuma ki roƙa mini Allah kada zuciyata ta yi laushi.

Ƙanwarki,
Hadiza