Kar a Wanke Mayafin Inna

Yaya Laraba,

Na iske kina barci, ban tashe ki ba. Na tahi asibitin Goronyo karɓo ma Mahbuba maganin farfaɗiya, sai la'asar in Allah ya so.

Ki gafarce ni. Jiya da anka raba kayan marigayiya Inna sadaka, kina ta cigiyar baƙin mayafinta. Ni na ɗauke shi. Shina ƙarƙashin matashin Mahbuba.

Kin san ɗiyar nan ba gani, ba magana, da hanci take gane mutane. Ga cinyar Inna ta saba shan kunu. Tun rasuwar ta datse baki, ko ni uwarta ba ta buɗe ma. Da asuba na yafa mayafin, na jingina ta ga ƙirjina. Sai ta juyo da kai, ta shaƙa, ta yi 'yar ƙarar nan da takan yi in ta ji kakarta. Ta sha rabin kofi.

In ta farka ki yafa shi, ki aza mata cokali ga tafin hannu tukuna, yadda Inna ta koya mata, ki jira ta buɗe baki da kanta. Kar ki matsa mata.

Don Allah kar a wanke shi, kar a shanya. Ƙamshin man shanu da hayaƙi ya fara raguwa, ban kuwa san mi zan yi mata ba ranar da ya ƙare.

Lami