A Mayar da Makullin Ƙofar Ruwa Masallaci

Zuwa ga Mai Girma Shugaban hukumar da ke sakar mana ruwan noman rani,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa ta girmamawa, ina yi maka barka da aiki, Allah Ya taya ka riƙo.

Ranka ya daɗe, sunana Hajara, malamar firamare ce a wani ƙauye tsakanin Kura da Bunkure. Ni ce matar da ta kai hukumarka kotu. Na san sammaci ya iso ofishinka, amma ban sani ba ko an gaya maka wanda ya mutu. Sunansa Malam Sale, manomin tumatir, mijina. Lauyoyinka sun ce wai wani mutum ne ya shiga kanal, wato hanyar ruwan noman, ba da izini ba. Shi ya sa na rubuto a fili, ka ji yadda aka yi ya shiga.

Na farko. Duk shekara kafin a fara rani, hukumarka ce ke rufe ruwa ta ce manoma su yi gayya, su yashe kanal, su sare ciyawar kacalla. Kowane gida mai gona sai ya ba da namiji ɗaya, wanda bai bayar ba a hana shi ruwa. Tun zamanin surukina akwai yadda ake yi. Ƙofar ruwanmu ba ta buɗuwa sai an sa mata wani ƙarfe an murɗa, mu makulli muke ce masa. Safiyar gayya mai gadin ƙofa zai zare shi ya miƙa wa Sarkin Noma, a kai masallaci a ajiye. Ba a mayar da shi sai an kira sunan kowa ya amsa daga bakin kanal. Ba doka ba ce, ba a rubuta ta ko'ina ba, amma ban taɓa jin ruwa ya ci ɗan gayya ba.

Na biyu. Bara aka kawo mana sabon jami'i. Ya ce makulli kayan gwamnati ne, ba ya kwana a masallaci. Sarkin Noma ya ce masa, ranka ya daɗe, ai ba kwana zai yi ba, wuni ne. Ya ƙi, amma ya yi alkawari ba mai taɓa ƙofa sai sun gama. Suka yarda suka shiga. Malam Sale siriri ne, don haka kullum shi ake turawa cikin kwalbatin ƙarƙashin titi, inda tarkace ke toshewa. Yana ciki, da hantsi, aka buɗe ruwa. Na fili sun ji ƙugi sun haye gefe. Shi ba inda zai haye. Ana cewa wani mai babbar gonar shinkafa ne ya buga waya ofis cewa irinsa na bushewa. Ban gani ba, ba zan rantse ba. Abin da na gani, an kawo min shi a bayan kurkurar ɗaukar kaya, da laka a kunnuwansa.

Na uku. Ranar sadakar uku jami'anka suka zo ta'aziyya da buhun shinkafa. Suka zauna a tabarma suka ce ƙaddara ce, a yi haƙuri. Yayan mijina, Alhaji Bala, ya ce mun yafe. Ina ɗaki ina takaba, ba wanda ya aiko a tambaye ni. Na yarda da ƙaddara, kwanansa ne ya ƙare. Amma ƙofar nan hannun mutum ne ya murɗa ta. Buhun yana nan a kusurwa ban kwance bakinsa ba. Ba fushi ba ne, kasawa na yi.

Da na fita takaba na shigar da ƙara. Alhaji Bala ya ce min, Hajara, faɗan da ya fi ƙarfinka ai wasa ake mai da shi. Wataƙila yana da gaskiya. An ɗage shari'a, an sake ɗagewa. Yau lauyanku bai zo ba, gobe a ce jami'in an yi masa canjin wurin aiki. Nakan hau mota zuwa Kano, in zauna a benci, a faɗi wata rana, in dawo in shiga aji. Ba na jin zafin wannan, ba na jin komai. Har yau ban yi kuka ba, mata sun ce zai zo. Da yamma nakan auna garin tuwo da rabonsa a ciki, sai na zo kwashewa in tuna.

Na huɗu, kuma shi ne dalilin da ban jira kotu ba. An sanar a masallaci cewa gayyar bana Asabar mai zuwa ce. Gonar ta zama ta marayu, da ita muke ci. Namiji ɗaya ke gidan nan, ɗana Auwalu, bana ya gama sakandare. In bai je ba mun rasa ruwa. Na tambayi Sarkin Noma maganar makulli, ya sunkuyar da kai ya ce har yanzu umarnin bara ne ke aiki, ba wanda ya soke shi. Auwalu kuwa jikin ubansa ya ɗauko. Na san inda za a tura shi.

Ranka ya daɗe, maganar diyya lauyana ya sa ta, wannan tsakaninku da alƙali. Roƙona a wurinka uku ne. A daina kiran mijina wanda ya shiga ba izini, ku kuka kira shi. A sa lauyanku ya riƙa zuwa kotu, a yi ta ta ƙare. Sannan ka ba da umarni kafin Asabar, a zare makulli a kai masallaci, kada a mayar da shi sai kowa ya fito. Wannan ba ya buƙatar kasafi ko kwamiti, kalma ɗaya ce daga bakinka.

In umarnin bai iso ba, ba zan yi rigima da kowa ba. Zan ɗauki tabarmata in je in zauna a kan ƙofar ruwan, ba zan tashi ba sai an kira sunan Auwalu na ji ya amsa.

Allah Ya yi maka jagora, Ya raya maka zuri'a, Ya sa duk wanda ka aika da safe ya dawo maka da ƙafarsa.

Wassalam.

Hajara, matar marigayi Malam Sale.