Ƙorafi Kan Hana Masu Ciwon Daji Tattaki a Filin Na'Allah

Zuwa ga:
Mai Girma Shugaban Kwamitin Amintattu,
Filin Motsa Jiki na Marigayi Alhaji Na'Allah,
Illela, Jihar Sakkwato.

Daga:
Hindatu Mukhtar,
Bayan Tsohuwar Tasha, Illela.

12 ga Mayu, 2025

GAME DA: RUFE MANA ƘOFAR FILI BA BISA HAƘƘI BA

Ranka ya daɗe,

Bayan sallama da fatan alheri, ni ce mai suna a sama, 'yar kasuwar atamfa tsakanin Illela da Ƙonni. Bara aka tabbatar mini da sankarar mama, aka yi mini aiki, aka sa ni kan ƙarin ruwan maganin daji a Sakkwato. Likitana ya bayyana mini cewa maganin yana wahalar da zuciya, don haka ya umarce ni da tafiyar ƙafa kowace safiya gwargwadon ƙarfina. Mace mai irin lalurata ba za ta yi wannan a bakin titi tsakanin 'yan kabu-kabu da manyan motoci ba. Shi ya sa tun watan Nuwamba nake zuwa wannan fili mai katanga tare da Shahida Zakari, mutuniyar garin Araba mai irin ciwona, wadda ke zaune wurin yayarta a nan gari.

Lokacin da na fara, daga ɗaki zuwa bakin rijiya sai na zauna na huta. Kafin azumi ina zagaya filin ba haki, barci ya dawo mini, likita ya duba zuciyata ya ce in ɗore.

Ga abin da nake kuka a kai:

1. Ranar Litinin, 7 ga Afrilu, mai kula da filin, Malam Jabir, ya tare mu a ƙofa. A gaban samarin da ke ƙwallo ya ce wai mi ya kawo masu daji wurin masu lafiya, kada mu shafa musu cuta ta hanyar randar ruwan sha. Ranka ya daɗe, ciwon daji ba a ɗaukarsa a moɗa. 'Ya'yana na ci da ni kwano ɗaya. Shahida, wadda gashin kanta ya zube saboda magani, ta ja mayafi ta rufe fuska, muka juya gida.

2. Ranar 16 ga Afrilu na kai kuka ga sakataren kwamitinku, Malam Muhyiddeen. Bai ba ni wurin zama ba. Ya shawarce ni in koma in kwanta in riƙa addu'a, wai marar lafiya hutu ya kamace shi. Addu'a ina yin ta tun kafin a haife shi. Ban kuma san ranar da ya zama likita ba.

3. Filin da aka ce ciwonmu zai ɓata shi, yanzu motocin albasa masu jiran tsallaka iyaka ke kwana a ciki, da hayaƙinsu da baƙin mai. Kowa ya san marigayi ya bar wurin wakafi ne ga jama'ar gari, maza da mata. Bai cire marasa lafiya ba.

4. Tun da aka wulaƙanta ta, Shahida ba ta sake fita ba. Na je duba ta shekaranjiya, na iske ƙafafunta sun kumbura, sallah ma a zaune take yi. Ni kuma hakin da na rabu da shi ya fara dawowa.

Saboda haka ina roƙon Mai Girma Shugaba ya ba da umarnin buɗe mana ƙofa bayan sallar Asuba kamar da, a fitar da motocin, a kuma sa Malam Jabir ya je har gida ya ba Shahida haƙuri, domin ba za ta dawo ba sai an yi haka.

A farkon watan gobe za a sake duba zuciyata. Ina so in shiga wurin likita da ƙafafuna, ba a ɗauke ni ba. Makullin yana hannunku.

Allah ya ƙara girma, ya ba da ikon yin adalci.

Taku cikin ladabi,

Hindatu Mukhtar