Muryar Inna a Rediyon Baba

Zuwa ga Yayana abin ƙaunata,

Bayan gaisuwa mai tarin yawa da fatan kana lafiya, kai da iyali, Allah Ya ƙara rufa asiri, Ya sa ciwon bayan nan naka ya yi sauƙi. Mu nan lafiya lau, yara sun koma makaranta, Gwaggo ma ƙafa ta sake ta har tana zuwa kasuwa da kanta.

Yaya, ka samu wuri ka zauna kafin ka ci gaba da karatu, don ni har yau jikina bai dawo daidai ba. Waƙar nan da ta ci gasar ƙasashen duniya, wadda na tabbata kai ma ka ji ta a can, ta Autanmu ce. Autan da muke wa faɗan ya zauna a shagon waya ya bar shirme! Muryar tsohuwar da ke amshi a ciki kuma, muryar Inna ce, Allah Ya ji ƙanta.

Ashe kafin ta rasu ya taɓa ɗaukar ta a waya tana ɗinki tana rera 'yar waƙar nan tata, ita ba ta sani ba. Ya kai wa abokinsa mai haɗa kiɗa, suka ɗora ganga a kan ƙarar kekenta, shi kuma ya zuba nasa baitocin. Suka sa a intanet, 'yan mata suka ƙirƙiro mata rawa, masu gasa suka gayyace shi, jama'a suka yi ta jefa masa ƙuri'a ta waya. Da ya yi tafiyar ce mana ya yi sarin kaya zai je. Yanzu an ce ita ce kan gaba a jerin waƙoƙin da aka fi saurare. Ni a cikin tasi na fara jin ta, ina rungume da cefane. Wallahi ihu na yi, direba ya taka birki, tumatir ya watse a ƙasan mota. Uwarka da ka binne ta yi maka waƙa daga bakin lasifika, ka ce me?

Tsoronmu duka Baba ne. Ka san tun rasuwar ya lulluɓe keken da zani, ba mai taɓawa, ba mai ambaton sunanta a gabansa, ga zuciyar da likita ya ce a lallaɓa. Gwaggo ta ce in ya ji, ko dai ya faɗi, ko ya sallama Auta har abada. Shi kuwa Auta ya ɓuya gidan abokinsa da kofin gasar a cikin jaka. Sai muka yi dabara irin tamu: na cire wata 'yar waya a bayan rediyonsa, muka ce masa ta lalace. Ka ji wauta! Mutumin da ya tsufa yana gyaran rediyo shi za mu yi wa wannan? Ko shayinsa bai huce ba ya buɗe ta, ya mayar da wayar, ya kalle ni ta saman tabarau.

Da hantsi ina shara a tsakar gida sai na ji ƙarar keken Inna na fitowa daga ɗakinsa. Tsintsiya ta suɓuce mini. Ya saurara har ƙarshe, sannan ya ce a kira masa Auta. Auta ya zo ya durƙusa, mu kuma muna maƙale a bakin ƙofa. Baba ya tambaye shi ko ya san waƙar mece ce wannan. Ya ce bai sani ba. Baba ya ce ai waƙar mita ce, Inna ba ta rera ta sai ranar da ya makara a shago abinci ya huce, wato yanzu duniya kaf faɗan da ake masa take takawa rawa. Ya fara dariya, dariyar ta koma kuka. Ban taɓa ganin hawayen Baba ba, ko ranar jana'iza.

Da ya natsu sai ya ce an yanke ƙarshen, ina sauran? Auta ya kunna masa ainihin abin da ya ɗauka. Can ƙarshe keken ya tsaya, aka ji sallamar Baba daga waje, Inna ta amsa tana dariya, tana cewa ga ɗan halak nan. Baba ya riƙe wayar da hannu biyu. Ya ce wa Auta abin da ya riga ya fita ya yafe masa, amma wannan guntun kada ya ba kowa, nasa ne.

Yanzu kullum yana zaune da rediyo a cinya, yana murɗawa daga tasha zuwa tasha yana neman ta. Jiya ya ce in gaya maka ka bugo masa, yana so ya ji ko a can wajenku ma Innarmu na masa faɗa.

Ka gaishe mini da matarka, da Babban Yaro, da takwarar Inna. Gwaggo da Auta suna gaisuwa. Allah Ya sada mu da alheri.

Taka har kullum,
Ƙanwarka